Kafin ki fara shan maganin nan, ɗauko kwalbar alawar gashin da ke jakarki

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga Tudun Wadan Zariya. Shekarata 26, saura mako bakwai a ɗaura mini aure. Kwanakin baya ina yawan jin faɗuwar gaba, gashina yana zuba, na ɗan rame, sai na je wani asibitin kuɗi. Likita ya tura ni gwajin jini na maƙogwaro, wato na tayirod, ƙullin nan da ke gaban wuya. Da sakamako ya fito, TSH, sinadarin da ke ba tayirod umarnin aiki, ya yi ƙasa ƙwarai, T4, sinadarin da tayirod ke fitarwa, ya hau, wani kuma da ake kira TRAb ya nuna akwai. Ya ce alamar cutar Graves ce, wadda ke sa tayirod aiki fiye da ƙima, ya rubuta mini kabimazol, ya ce zan daɗe ina sha. Na saya amma ban fara ba, tsoro nake ji. Gwaggona ta ce kada in kuskura in gaya wa wanda zan aura, wai in danginsa suka ji kalmar maƙoƙo an gama, ta ce ma hannu aka sa mini. Ni ban taɓa doguwar jinya ba, ba na shan maganin komai, sai 'yar alawar gyaran gashi da mai yi mini gyaran jiki ta ba ni, biyu a rana, wata biyu ke nan, an rubuta Biotin 10,000 a jikinta. Anti, in faɗa masa ko in yi shiru har a gama biki?

Ƙanwarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Tambayarki a kan faɗa ko ɓoyewa ce, kuma zan zo kanta. Amma abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki shi ne layin da kika jefo can ƙarshe kamar ba a bakin komai ba, cewa ba kya shan magani sai 'yar alawa. Sau biyu na karanta shi. Ina kyautata zaton haka kika amsa wa likita ma da ya tambaye ki, domin a wurinmu abin da ba don ciwo aka saya a kemis ba, ba ma lissafa shi cikin magani. To, wannan alawar tana iya sa injin gwaji ya fitar da irin sakamakon da ke hannunki, layi ukun nan cif, ga macen da lafiyarta ƙalau. Ko ita ce ta yi aikin ko ba ita ba ce, daga nan inda nake zaune ba zan iya yanke miki hukunci ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne takardar nan ba ta zama hujja ba sai an sake gwajin babu alawar a jininki.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma akwai wata safiya da ba na mantawa. Wata baiwar Allah ta miƙo mini hannu, na ɗaure damtsen, na yi mata tambayar da muke yi wa kowa, ko tana shan wani magani, ta ce sam. Na ɗebi jinin, na danna mata auduga. Tana laluben rasit a jaka sai wata kwalba ruwan hoda ta faɗo ta gangara ƙarƙashin benci. Na sunkuya na ɗauko mata, idona ya faɗa kan rubutun. Ta yi dariya ta ce ai wannan na gashi ne. Tun daga ranar na sauya tambayata, sai in ce: akwai abin da kike haɗiya ko kike taunawa kullum, ko da na gyara ne?

Yanzu ɗauko taki kwalbar ki juya bayanta. Bayotin bitamin ne, dangin B, shi ne B7, wasu kwalaben kuma suna rubuta shi bitamin H. Jiki yana buƙatarsa wajen sarrafa abinci, amma ɗan mitsitsi: maikurogiram 30 a rana ya wadaci babban mutum, mai shayarwa 35. Gwaiduwar ƙwai da hanta da gyaɗa da kifi da dankalin Hausa sun ishe ki wannan ba tare da kin sani ba. Lambar nan 10,000 da ke jikin kwalbarki maikurogiram ce, wato miligiram 10. Kina tauna biyu, miligiram 20 ke nan kullum, ya haura ninki 600 na abin da jikinki ke nema. Ba guba ba ne, rarar tana fita ta fitsari, shi ya sa masu sayarwa ke bugun ƙirji cewa ba ya cutarwa. Sai dai kafin ya fita yana yawo a cikin jini, kuma jinin nan ne aka zuƙa aka zuba wa inji.

Ga inda ake samun matsala. Akwai wani sinadari da wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa ke yi, sunansa sitireptabidin. Idan ya haɗu da bayotin sai ya riƙe shi ƙam, riƙon da ya fi na ƙarangiya a jikin zani, da wuya a samu biyunsa a cikin halittu. Masu ƙera injunan gwaji suka ga wannan, suka mayar da shi ƙugiya. Suna shafa sitireptabidin a jikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu bin maganaɗisu, sannan su liƙa bayotin a jikin sojojin garkuwar da suka tanada don kamo abin da ake nema a jini. Sojan ya kamo abin, bayotin ɗinsa ya maƙale a ƙwayar, a wanke sauran, inji ya ƙirga abin da ya rage. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki daidai muddin bayotin ɗin da ke cikin kwalbar gwaji nasu ne kaɗai.

Tunda biki ke gabanki, bari in kwatanta miki da kujerun wurin kamu. An jera kujeru daidai ƙima, an ce ba mai zama sai da kati, kuma kowace baƙuwa akwai 'yar rakiya mai kati da za ta kai ta mazauninta. Da an zauna sai a ƙirga baƙin da ke kan kujera a ce ga yawan waɗanda suka zo. Haka ake auna TSH. To a ce 'yan gayyar soɗi sun samo irin katin nan buhu guda, sun riga kowa shiga sun cike kujerun. Baƙin gaske sun zo, suna tsaye, aka kore su waje tare da 'yan kallo. Mai ƙirga ya duba ya ga baƙi biyu uku a zaune, ya rubuta cewa ba a zo ba. Shi ya sa TSH ke fitowa ƙasa alhali yana nan yadda yake.

Shi kuwa T4, da yake ƙanƙane ne, lissafinsa a juye ake yi. Injin yana sakin nasa mutanen, mu ce masu anko, su yi rububin wuri da T4 na jikinki, sannan ya ƙirga masu ankon da suka samu zama. In sun zauna da yawa, ya ce naki kaɗan ne. In kaɗan suka zauna, ya ce naki ne ya yi yawa har ya ture su. Amma yau 'yan gayyar soɗi ne suka cinye kujerun, masu anko ba su samu wuri ba, inji kuma bai san fuskar kowa ba, sai ya rubuta T4 ya hau. TRAb, wato sojojin garkuwar da ke tsokanar tayirod a cutar Graves, a wasu injunan ta wannan hanya ta biyu ake auna shi, don haka shi ma yana iya hawa na ƙarya. TSH ƙasa, T4 sama, TRAb akwai: duk likitan da ya ga wannan, Graves ce za ta fara zuwa masa a rai, kuma bai yi laifi ba in dai ba a nuna masa kwalbar ba.

Abin ya faru a inda suke da kayan aiki fiye da namu. A 2016 wasu likitoci a Jamus sun ba da labarin yara shida da ake ba bayotin mai yawa saboda wasu cututtukan gado, gwajinsu ya fito tamkar masu Graves, har aka ɗora wasunsu a kan maganin tayirod kafin a gano. A watan Nuwamban 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan haka, ta sake jaddada shi a 2019. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne gwajin turoponin, wanda ake yi wa mai ciwon ƙirji don a gane ko zuciya ta samu rauni. Bayotin yana danne shi ya fito ƙasa, kuma an kai musu rahoton wani majinyaci da ya rasu bayan irin wannan sakamako. Na kawo wannan ne don ki san in ke ko wani mai shan alawar nan ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ba a jira bayotin ya fita daga jini, asibiti ake tafiya nan take a faɗi abin da ake sha tun daga bakin ƙofa.

Ba kowane inji ne ke aiki da wannan ƙugiyar ba. Wasu kamfanonin ba su gina gwajinsu a kanta ba, wasu kuma sun gyara nasu ya ƙara juriya. Shi ya sa jini ɗaya kan iya ba da amsa biyu a ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Samaru, mutane su ce ɗaya bai iya aiki ba. Ke ba ki da hanyar sanin irin injin da aka yi naki da shi, amma ma'aikacin wurin ya sani, kuma tambaya ce da kike da haƙƙin yi: injinku bayotin yana shafarsa?

Abin yi ba shi da wuya. Ki ajiye alawar daga yau. Ki duba sauran abubuwan da mai gyaran jiki ta ba ki, da duk wani haɗin bitamin ko garin da ake damawa a madara, domin bayotin yana ɓuya a cikin waɗanda aka rubuta wa gashi da fata da farce. Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka tana cewa a daina aƙalla kwana biyu kafin gwaji. Da yake naki ya kai miligiram 20, ni kwana uku cur nake so ki ba shi, in ma ya kai biyar babu asara. Mai ciwon ƙoda ya fi haka daɗewa, tunda ta nan yake fita. Ƙwai da gyaɗa ki ci abinki, na abinci bai kai ya rikita inji ba. Amma kada ki jira kwanakin su cika kafin ki ga likita. Gobe ki koma wurinsa da kwalbar a hannu da maganin da kika saya, ki ce: likita, na manta ban gaya maka ina shan wannan ba, biyu a rana, wata biyu. Shi zai yanke ko a dakata da kabimazol har a sake gwajin. Da a ce kin riga kin fara sha, da sai in ce kada ki daina da kanki sai ya ce.

Ina so ki gane dalilin da ya sa na dage a kan wannan. Kabimazol magani ne mai kyau ga wanda ke da cutar. Ga wadda ba ta da ita, zai danne tayirod ɗinta ya jefa ta cikin kasala da jin sanyi da kumburin jiki da ƙarin zubar gashi. Jefi-jefi yana karya fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake gaya wa mai shansa cewa in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya dakata ya je a duba jininsa a ranar. Sannan ke amarya ce, ciki na iya zuwa a watan farko, kuma an san maganin nan yana iya taɓa halittar jariri a watanni ukun farko. Ba abin da za a sha a kan takardar da ake shakka ba ne.

Kada kuma ki ɗauki maganata ki ce Anti ta ce lafiyata ƙalau. Faɗuwar gaba da rama da zubar gashi su suka kai ki asibiti, kuma bayotin ba ya kawo ko ɗaya daga cikinsu, takarda kawai yake ɓatawa. Suna iya zama na hidimar biki da rashin barci da tunanin gidan da za ki, suna iya zama ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a matanmu, suna kuma iya zama Graves ɗin ta gaske, alawar ta zo ta ƙara gishiri kawai. Da asuba kafin ki sauko daga gado, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ki ƙirga bugun na minti ɗaya, ki rubuta, kwana uku a jere. Ki miƙe hannuwa gabanki ki ɗora fallen takarda a bayan tafin ki ga ko tana karkarwa. Ki tsaya gaban madubi ki kurɓi ruwa ki ga ko akwai kumburin da ke hawa da sauka a gaban wuya. In bugun yana haura 100 kina kwance, ko kina jiƙewa da gumi alhali kowa na neman mayafi, ko idanunki sun fara firfitowa, to wannan jiki ne ke magana, ki gaya wa likita a goben. In sakamako na biyu ya sake fitowa haka, ki nemi ya tura ki wurin ƙwararrun wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Graves tana jin magani, yawanci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake sha, akwai kuma wanda ake sauya wa mai ƙaramin ciki. Masu ita suna aure suna haihuwa.

Akwai wani abin da ba ki tambaya ba, wanda ni ya fi damuna. In kun riga kun yi gwajin kafin aure a cikin wata biyun nan, ki sani wasu gwaje-gwajen ciwon hanta nau'in B da na ƙanjamau da ake yi da inji suna aiki da wannan ƙugiyar, kuma a nan kuskuren yana iya zuwa ta ɓangaren da ya fi muni, a ce babu alhali akwai. Ba zargin kowa nake ba. Tunda za a sake huda ki, a ɗebi jinin gaba ɗaya a maimaita su, hankali ya kwanta. Gwajin sikila na AA da AS da rukunin jini ba ruwansu da bayotin, ba sai an sake ba. Shi ma angon a tambaye shi, don samarin yanzu suna shan irin wannan na fitar da gemu da na masu ɗaga ƙarfe, kuma su ma ba sa kiransa magani.

To, mu zo kan gwaggo. Tsoronta ba na banza ba ne, ta ga auren da ƙaramar magana ta rusa, ta san yadda labari ke tashi daga Tudun Wada da safe ya kwana a Ƙofar Doka ya zama wani abu dabam. Ki girmama ta a kan wannan. Amma batun hannu, ki ajiye shi gefe: addu'a da azkar ba a hana ki ba, sai dai kada a kawo miki jiƙe-jiƙe a ƙara rikita jinin da muke so ya washe. Batun ɓoyewa kuma ban bi ta ba. Mutumin da za ki kwana ɗaki ɗaya da shi nan da mako bakwai zai ga kwalin magani, zai ga katin asibiti, kuma ranar da ya gani ba ciwon ne zai tsaya masa a rai ba, shirun ne. Ki gaya masa yanzu, shi kaɗai, daidai gwargwadon abin da aka sani: an yi mini gwajin maƙogwaro ya nuna wani abu, ana zaton wani bitamin da nake sha ne ya rikita shi, za a sake mako mai zuwa, ina so ka sani. Ki roƙe shi ya riƙe a tsakaninku har sakamako ya fito. Danginsa ba su da abin ji tukuna, don babu abin da ya tabbata. Mahaifiyarki kuwa ta sani yau, in ba ta riga ta sani ba, ita ce za ta iya da gwaggo fiye da ke. Yadda zai karɓi maganar ma wani abu ne da gara ki gani kafin a shafa fatiha.

Gashin kuma, kada ki yi baƙin cikin rabuwa da alawar. Babu ƙwaƙƙwarar shaida cewa bayotin yana ƙara gashi ga wanda ba shi da ƙarancinsa, ƙarancin kuma ba kasafai ake samunsa ba, sai ga irin masu shan ɗanyen farin ƙwai kullum, ko masu wasu magungunan farfaɗiya, ko wata cutar gado. In zubar ta gaban goshi ce da gefen kunne, ki fara tuhumar kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi da man miƙar da gashi, ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu ko da za ta ce ba zai yi kyau a hoto ba. In ko'ina yake zuba, a duba yawan jininki da sinadarin ƙarfe a gwaji na biyun, shi ma na ƙarfen bayan kin huta da alawar, don yana cikin waɗanda take dannewa. Mai gyaran jikin, ba na zaton ta san wannan, ki gaya mata cikin mutunci, akwai amare da yawa a hannunta.

Ki ajiye takardar farko kada ki yaga, likita zai so ya jera ta da ta biyu. A jikin takardar neman gwajin ki sa a rubuta ranar da kika tauna alawar ƙarshe da yawan da kike sha. Idan sakamakon ya fito ki rubuto mini lambobin duka biyu, da bugun zuciyar da kika ƙirga na kwana ukun.